Albasar Turkiyya a Gindin Randa

Boɗinga, ƙarshen damina

Zuwa ga taubashina Zainulabidin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Maigidana yana gaishe ka, yara ma haka. Goggo mahaifiyarka lafiyarta lau, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Gero ya yi kyau bana a Mandera, alhamdu lillahi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Baba ne ya ce ya gaji da maganar waya, wai kafin ya kama kalma ɗaya ta wuce. Shi dai a rubuta, in karanta mashi, gobe in ya so in sake karantawa. To Malam Baturke, ka nemi biro. Ka rubuta da hannunka, ka ɗauki hoton takardar ka turo mani, duk ranar da na je Mandera zan karanta mashi.

Wagga kam tsakanina da kai ce. Mun kai Baba asibitin ido a Sakkwato. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa ba mu sani ba. Na dama ya tafi. Na hagu saura kaɗan, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Magani zai rage gudun abin, amma abin da ya tafi ya tafi. Na yi kuka a mota har Boɗinga, shi kuwa yana ta hira da direba a kan taki.

Ka tuna hoton da ka turo da bazara, na gonar nan mai launi-launi? Ka rubuta a ƙasa wai gonar lale. Ni kuwa na karanta lalle. Na ce wa Baba, ji Zainu, ya haye teku ya tafi kallon lalle, ga shi nan bayan ɗakin Inna kaji na wuni a ƙarƙashinsa! Sai da ka kira ka ce fure ne mai gindi irin na albasa. To tun ranar maganar ta zauna mashi. Ya kai wayar har bakin idonsa, bai ga komi ba sai dishi-dishi. Ya ce, “Shekara nawa ina noman albasa, ban taɓa jin wadda anka shibka don kallo kawai ba.”

Shekaranjiya ya ba ni labarin mafarkinsa. Wai lambunsa na bakin fadama ya cika da su, kowane fangali da launinsa, yana tafe a tsakani, ruwan da yake ba su yana bin ƙafarsa, ruwan ma ya rine. Ya ce yana so ya ga ɗaya da idonsa kafin… Bai faɗi kafin mi ba, ni ma ban tambaya ba.

Shi ya riƙe ka tun rasuwar mahaifinka, bai taɓa roƙonka ko allura ba. Ka samo muna iri.

Taubashiyarka,
Daso

Konya, watan Satumba

Daso,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki. Ina lafiya, karatu ya yi nauyi amma da sauƙi. Ki gaida Inna da mahaifiyata da maigidanki. Sakin layin farkon nan ki tsallake shi in za ki karanta wa Kawu: na kasa cin abinci ranar da na karanta maganar idon. Shekara ta uku ke nan ban gan shi ba, ban taɓa kawowa a raina cewa shi ne zai fara kasa ganina ba.

Kawu, ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Furen nan Turawa na ce masa tulif, mutanen nan suna ce masa lale. Gonar da na gani fili ne shimfiɗe kamar na hanyar Shagari bayan girbi, sai dai an ja shi layi-layi, ja nan, fari nan, ruwan ɗorawa nan, har inda ido ya tsaya. In iska ta taso duk sai su sunkuya tare su ɗago tare. Da safe bakinsu a tsuke yake, rana na ɗagawa su buɗe, da yamma su sake tsukewa. Na tsaya a wurin har motar makaranta ta kusa barina.

Ba iri ake shukawa ba, kan albasar ake binnewa. Na je kasuwa wurin wata tsohuwa, na zauna na zaɓa ɗaya-ɗaya, masu nauyi a hannu, marasa tabo. Na ɗauki wani dogo ja mai babban kai kamar kofin shayi. Na ɗauki fari mai tsinin baki. Akwai wanda suke kira aku, gefen furensa a yayyage, ja da kore da rawaya a cakuɗe, ke Daso shi za ki so, don ya fi kowa surutu. Wanda na fi sa wa rai shi ne gajere ruwan ɗorawa, yana da saurin fitowa, ga shi hunturunmu ba ya daɗewa. Da zan tashi tsohuwar ta jefa mani wasu ’yan kaɗan a matsayin gyara, ta ce furensu ruwan makuba ne mai duhu har ya kusa baƙi. Na ce ba na so, ta ce ba a mayar da gyara. Ashe har nan haka ake.

Kowane iri da takardarsa da sunansa a jiki. Sha’aibu, wani ɗalibi ɗan Sakkwato, zai taho gida mako mai zuwa, zai kawo miki har Boɗinga.

Abu biyu. Ki ja wa Inna kunne kada ta yanka su a miya, guba ne. Na biyu, ba ya fure sai ya sha sanyi. A nan ƙasa ce ke ba shi, ƙanƙara ta rufe shi yana barci. Ki ajiye su a wuri mai sanyi sosai kamar wata uku, sannan a shuka a tukunya idan hunturu ya kankama.

Naku,
Zainu

Boɗinga, watan Oktoba

Zainu,

Salam. Muna lafiya, sai zafin kaka da ya sa kowa ya koma gindin bishiya. Zazzaɓi ya taɓa ƙaramata amma ta miƙe.

Saƙo ya iso, Allah shi yi wa Sha’aibu albarka. Na kwasa sai Mandera. Da na zube su a kan tabarma Inna ta riƙe baki ta ce, “Wagga ’yar mitsitsiyar albasa ce anka ɗoro a jirgi?” Baba kuwa ya jawo su gabansa. Ya buɗe takardun da kansa, yana ɗauka ɗaya-ɗaya, ya shafa, ya sansana, ya auna a tafin hannu. Ya ce ɓawonsu ya fi na albasa santsi, kuma ba su da wari, wai albasa ce mai kunya. Na karanta mashi takardarka sau uku. Wurin da ka ce suna sunkuyawa tare su ɗago tare, sai ya ce in tsaya. Ya rufe ido ya daɗe, sannan ya ce in ci gaba.

Maganar sanyi. Ka san firjinmu, ya zama kabad, wuta sai ta ga dama. A gidan Baba kuwa babu inda ya kai gindin randar Inna sanyi. Yashin wurin kullum a jiƙe yake, ko tsakar rana ka sa ƙafa sai ka ji har kai. Na tona na jera su da takardunsu, na rufe da yashi, Inna kuma tana ƙara yayyafa masu ruwa safe da yamma don sanyin ya ratsa su sosai. In akwai gyara ka faɗa da wuri.

Baba ya mayar da kujerarsa kusa da randar. Wai yana taya baƙi zama.

Daso

Boɗinga, farkon Nuwamba

Zainulabidin,

Lafiya dai? Mu muna lafiya, in ka damu ka sani. Na turo takarda, shiru. Na kira, waya a kashe. Na ce ko Turkawa sun yi maka aure ne ba mu da labari.

To ga abin da shirunka ya jawo. Ranar Asabar da na je Mandera, ina shiga ɗakin randa na ji wari, irin na albasar da ruwa ya doka. Na sa hannu na tona. Wayyo Allah! Sun narke, Zainu. Ka taɓa ɗaya ta fashe a hannunka. Takardun sun zama dusa. Jan, da farin, da akun naka mai surutu, duk sun tafi. Na zauna daɓas a ƙasa na rasa ta inda zan fara gaya wa Baba.

Kai ka ce wuri mai sanyi. Na sake duba takardarka, haka ka rubuta da hannunka, sanyi sosai. Na ba su sanyi iyakar iyawata. To mi na yi ba daidai ba? Wallahi na ji haushinka, na ji haushin kaina, har randar ma na ji haushinta.

Ƙarshe dai na gaya wa Baba. Can ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da guda uku, lafiya lau, a bushe. Ashe tun ranar farko ya ɓoye su. Wai in ya zauna shi kaɗai yana juya su a hannu, suna ɗebe mashi kewa. Ya ce, “Kada ki gaya wa Zainu na yi sata.” To na gaya maka.

Uku sunka rage ke nan, ba takarda, ba suna. Na tambaye shi daga wane ƙunshi ya ɗauka, ya ce shi ina ya ga ƙunshi? Suna nan a aljihunsa, ban taɓa su ba. Ka amsa mani kafin in sake yin wata ɓarnar.

Daso

Konya, tsakiyar Nuwamba

Yaya Daso,

Yau kam na kira ki Yaya, don na san ban da bakin magana. Ina lafiya. An kai mu aikin auna ruwa wani ƙauye a kan dutse, babu hanyar waya sam, jiya na dawo na tarar da takardunki biyu. Na karanta ta farko ina cewa a’a, a’a, kamar kina jina. Na buɗe ta biyu na ga an riga an gama.

Laifina ne. Sanyi na rubuta, ɗari nake nufi. Busasshen sanyi, irin wanda ke fasa leɓe, ba mai laima irin na gindin randa ba. Mutanen nan kalma ɗaya suke yawan faɗa wa duka biyun, harshena ya bi nasu ban sani ba. Da Kawu ne ya rubuta da bai yi wannan kuskuren ba, ke ma da ɗari kika gani da ba ki kai su kusa da ruwa ba. Ki yafe ni.

Na zaga neman mai tahowa gida in sake aiko wasu, babu kowa sai bayan hunturu, lokacin kuwa ya wuce. Ukun nan su ne.

Sai an sami firji mai aiki dare da rana. A sa su a busasshiyar takarda, a ajiye a ƙasa, ba a gidan ƙanƙara ba, kuma nesa da tumatir da ’ya’yan itace. Su zauna har tsakiyar Janairu. Bai cika wata uku ba, amma in aka ƙara zafi zai riske su.

Ki faɗa wa Kawu satar nan tasa ita ce ta cece mu. Ki lallashe shi ya ba da aron su, za a dawo masa da su.

Zainu

Mandera, ƙarshen Janairu

Zainu,

Salam. Na yafe, amma Yayar nan ka riƙe ta, ta dace da bakinka. Muna lafiya. Ɗari ya sauka sosai bana, na gaske, irin wanda kake nufi. Na baro yara wurin kakarsu a Boɗinga na dawo nan na ɗan kwana biyu.

Maƙwabciyata ta Boɗinga, Rahama, mai sayar da zoɓo da kunun aya, tana da firji mai sola. Ita ta sauki baƙinka. Ta ware masu lungu, ta ce duk yaron da ya taɓa sai ta yanke mashi hannu. Kullum in na leƙa sai ta ce, “Suna barci, kada ki tashe su.” Baba kuwa duk zuwana sai ya tambaye ni lafiyarsu, kamar na kai ɗiyansa makarantar kwana.

Mun shuka. Shi ya haɗa ƙasar da hannunsa, yashi da tsohon taki, ya murje har ba ƙulli. Ya sa na huda gindin tukunyar ƙasa, ya laluba tsinin kowace ya sa shi sama, ya yi bisimilla ya rufe. Muna ajiye ta a inuwar dogon yaro, na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta gasa ta. Ɗaya ba ta fito ba. Biyu sun huda ƙasa, ganye mai kauri, a naɗe kamar kunnen ɗan akuya. Da safe kafin ya karya sai ya je ya auna tsawonsu da yatsa. Ya ce ya sake yin mafarkin nan, amma wannan karon shi ne gajere, furannin sun fi shi tsawo, yana tafe a ƙarƙashinsu kamar cikin gero.

Yanzu ka saurara. Idon ya ƙara ja baya. Ranar Juma’a Goggo ta shigo ta tsaya a gabansa, bai san ita ce ba sai da ta yi magana. Ƙanwarsa ce fa, Zainu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta fita bayan gida ta yi kukanta ta wanke fuska ta dawo. Abu mai haske kawai yake kamawa yanzu, farar riga, ƙwaryar nono, fitila. Mai duhu duk ya haɗe mashi wuri ɗaya.

Ka ga inda maganar take. In farin ne ko ruwan ɗorawa, zai gani. Ja ma ina shakka. In kuwa gyarar tsohuwarka ce, mun yi aikin banza. Babu yadda za a gane tun daga ganye?

Daso

Konya, farkon Fabrairu

Yaya,

Ina lafiya, sai ɗari. Ki gaida kowa.

Na kai wa tsohuwar hoton ganyen da kika turo. Ta juya shi ta juya, ta ce Allah kaɗai ya sani sai ya buɗe. Ta ce dai gajeren ruwan ɗorawa da tuni ya yi kai, tunda bai yi ba a cire shi a lissafi.

Jiya na hau mota na koma gonar nan. Babu komai, ƙanƙara ta rufe ta fari fat har ƙarshen gani, ko tsuntsu babu. Na tsaya ina tunanin duk suna nan a ƙasa suna barci, dubbai, ba mai jiransu da gaggawa. Can gida kuwa guda biyu tak, ga mutum zaune a gabansu.

Na so in taho. Malamina ya ce in tsaya in kammala aikin da na fara, sai damina in tafi gaba ɗaya. Ki gaya wa Kawu da damina ina nan tafe, in sha Allahu.

Zainu

Mandera, ƙarshen Fabrairu

Zainu,

Salam. Muna lafiya. Zafi ya fara leƙowa, mun daina hura wuta da safe.

Ɗaya ta yi kai ta bushe kafin ta buɗe, kamar an ƙona ta. Ɗayar ta yi tsawo, kanta kore, a rufe gam. Kwana da kwanaki ina zagaya ta ina leƙen bakinta. Da launin ya fara fitowa na san ko wace ce, ban gaya wa kowa ba, ina ce wa kaina wataƙila ja ne bai nuna ba tukuna.

Jiya da hantsi ta buɗe. Gyarar ce. Ruwan makuba, har da sheƙi, ban taɓa ganin abu mai kyau da ya ba ni haushi irinta ba.

Na ɗauko tukunyar na ajiye a gabansa. Ya sunkuya, ya karkata kai, ya kawo idon hagun kusa har hancinsa na taɓa ta. Ya ce, “Ina take?” Na ce ga ta nan, Baba. Ya shafa ta da yatsa a hankali, ya ce, “To, alhamdu lillahi, hannu ya gani.” Ya jingina da bango. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mani sauƙi.

Na ɗauki tukunyar zan mayar da ita inuwa, don kada ya ji ina jan hanci. Inna ta yi wanki da safe, ta shanya farin zanen gado a igiya, rana ta doke shi yana ɗaukar ido. Ina giftawa ta gabansa sai na ji Baba ya ɗaga murya, “Tsaya! Kak ki motsa.”

Na ƙame da tukunya a hannu.

Ya ce, “Ɗaga ta kaɗan. Yauwa. Na gan ta, Daso. Ga wuyanta nan, dogo. Ga kan. Bakin ya buɗe kaɗan ta sama, ko ba haka ba?” Na ce haka ne. Ashe duhun nata ne ya fito a kan farin. Ya daɗe yana kallo, hannuna ya gaji don nauyi, ban sauke ba. Iska ta ɗan kaɗa ta ta sunkuya ta ɗago, ya yi dariya kamar yaro, ya ce, “Zainu bai yi ƙarya ba.”

Sai ya ce, “Aje tukunyag ga. Ke koma ki tsaya nan inda take.”

Na koma na tsaya a gaban zanen. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya ce ɗaurin ɗankwalina ya karkace, kuma tsayuwar uwarsa gare ni, bai taɓa lura ba. Ya sa anka kira Inna ta tsaya, tana ta mita wai tuwonta zai ƙone. Ya aika anka kira Goggo. Ita kam sai ya kira sunanta na yarinta tun kafin ta buɗe baki. Jikokin gidan ma ɗaya-ɗaya sunka bi layi, har na goye anka ɗaga mashi.

Da la’asar Inna ta zo kwashe shanya, ya ce ta bar zanen nan inda yake, saura mutum ɗaya bai tsaya ba.

Yana nan a igiya har yanzu da nake rubutu. Zainu, damina ta yi nisa. Ka koma wurin malaminka ka gaya mashi.

Yayarka,
Daso